Kagoro: Tsohuwar Majami'a a Gindin Dutse

Wanda ya taso daga Kafanchan ya nufi gabas ba ya bukatar mai nuna masa Kagoro, dutsen ne ke fara tarbarsa. Tun mota ba ta gama fita gari ba ake hango shi a gaba, ya tokare sama, kansa lulluɓe da hazo in damina ce. Tafiyar ba ta wuce minti 20 in direba bai tsaya ɗibar fasinja ba, amma da wuya ya ƙi tsayawa. A tashar da na shiga mota ana cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba, kujera naira 700. Ɗan acaɓa kuwa ya ce sai 1,500 in ni kaɗai zai ɗauka. Duk wanda ka yi wa ƙorafi, amsarsa ɗaya ce: tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu abin da ya koma mazauninsa.

Kafanchan ita kanta jirgin ƙasa ne ya raine ta. Wajen 1927 layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya iso nan, ya rabu biyu, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya hau tudun Jos. Ma'aikatan reluwe daga kudu da 'yan kasuwa daga arewa suka cika wurin, a 1933 kuma aka dawo da fadar Sarkin Jama'a garin. Yau tashar ta yi tsit, ciyawa ta ci tsakanin ƙarafa, awaki ne ke kiwo inda taragu ke tsayawa a da. Reshen Jos ɗin nan ta Kagoro ya bi, kuma ko'ina a labarin da na je nema sai na ci karo da shi.

A hanya akwai shingen jami'an tsaro, ana rage gudu, a leƙa cikin mota, a ɗaga hannu. Yankin ya sha tashin hankali a shekarun baya, mutane ba su manta ba, don haka baƙo ya sa ran za a tambaye shi wurin wa ya zo. Dama da hagu gonaki ne na masara da gwaza da doya, ga bishiyoyin mangwaro da giginya jefi-jefi, ƙasar ja ce mai danshi. Mutumin Kano ko Katsina zai fara lura da ruwa: ƙoramu na gangarowa daga dutse ko'ina, wasu ba sa ƙafewa har tsakiyar rani. Kagoro na cikin ƙaramar hukumar Kaura, mutanenta suna kiran kansu Agworok, kuma garin unguwanni ne a warwatse a gindin dutsen, irin su Fada da Kpak da Kukum da Agban da Kadarko. Kusan babu unguwar da ba ta da majami'a, wasu biyu, wasu uku.

Wadda aka kai ni tana cikin tsofaffi. Gini biyu ne a fili ɗaya. Babba na bulon siminti ne, dogo, da tagogin gilashi, ba a gama fentin bayansa ba. A gefensa ƙaramin yake, wanda shi ne dalilin zuwana: bango mai kauri, ƙasansa dutse, samansa tubali, tagogi ƙanana na katako, kwanon rufin ya yi ja don tsatsa. Yanzu yara ake tarawa a ciki ranar Lahadi, sauran kwanaki kuma a ajiye kujeru da ganguna. A jikin wata bishiya an rataye guntun ƙarfen layin dogo da waya. Shi ne ƙararrawar farko, in ji mai gadi, kuma ko da aka sayi lasifika ba a daina buga shi da asuba ba, don wuta ba ta da tabbas. Ya ɗauki wani tsohon ƙusa mai kauri ya ɗan taɓa shi don in ji. Ƙarar ta daɗe tana yawo kafin ta mutu.

Ranar aiki ce, amma na tarar da mata kamar 30 a cikin babban ginin, 'yan Zumuntar Mata, suna koyon waƙa. Yawancinsu sun manyanta, wasu da goyo, wasu da fartanya jingine a bakin ƙofa don daga nan gona za su wuce. Kayan kiɗansu ya tsayar da ni. Tulu ne na ƙasa, babba, wata dattijuwa ta kafa shi tsakanin ƙafafunta tana dukan bakinsa da wani faifan soso da aka naɗe da tsumma, yana fitar da murya mai zurfi da ake ji a ƙirji. Wata na riƙe da ƙaramin tulu mai huda a gefe, tana toshewa tana buɗewa da tafin hannu. Ga caki, ga wani ƙarfe da ake bugawa da sanda. Babu takarda a hannun kowa. Mai ba da waƙa ta ja baiti, sauran su amsa, in ta ga amshin bai zauna ba ta ɗaga hannu a tsaya a sake. Da Hausa suke yi, Hausar kudancin Kaduna mai sauri, wadda ba ta cika damuwa da bambanta namiji da mace ba. Aka ce mini ranar Lahadi ginin ba ya ɗaukar jama'a, ɗaruruwa ne, har sai an jera benci a waje, kuma sujada biyu ake yi, ta Turanci da ta Hausa. Ta Hausa ta fi cika.

Wani dattijon ikilisiya, tsohon malamin firamare da ya haura 80, shi aka ce in jira. Ya iso da sanda da Littafi Mai Tsarki a cikin jakar leda. Na ce, "Baba, ina kwana, na zo jin tarihi ne." Ya ce, "Malam, tarihin takarda kake so ko na baki? Don ba su cika haɗuwa ba." Na ce duka. Sai ya ja ni ofishin fasto, ya nuna mini wata tsohuwar kalanda mai hoton Turawa uku.

Na takarda daga kansu yake farawa. A ranar 4 ga Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kai bishara ƙasar da Turawa ke kira Sudan, wato faɗin ƙasar nan da ta haɗa da ƙasar Hausa: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Ba su da wata ƙungiya mai ƙarfi a bayansu. Bingham ya kwanta ciwo ya tsaya a Legas, sauran biyun suka shigo ciki. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya mutu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, Kent kuma ya mutu a Bida. Ba su tubar da ko mutum ɗaya ba. Bingham ya koma gida, ya sake gwadawa ya kasa, sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi, a bakin Kwara. Wannan ita ce mishan ɗin SIM. A 1910 ta buɗe tasha a Kwoi, ƙasar Jaba, daga can kuma aka miƙo zuwa Kagoro wajen 1927, daidai lokacin da jirgi ya iso. Baturen da sunansa ya manne da wurin shi ne Thomas Archibald, mutumin Sikotlan. Har yau tsofaffi na ambatonsa kamar jiya ya bar garin.

Abin da ya kawo mishan nan ba ɓoyayye ba ne. Gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita musu shiga masarautun Musulmi, sai ta sakar musu ƙasashen da ba su musulunta ba. Kagoro kuwa ba ta taɓa shiga hannun Zazzau ko Jama'a ba. In mahara suka taso, mutane su haye dutse, su shige koguna, doki ba ya iya binsu. Turawa ma sun fara kai musu farmaki wajen 1905, kuma sai da aka yi ta komawa kafin su sauko. Wani jami'insu, Tremearne, ya fitar da littafi a 1912 yana kiran mutanen yankin mafarautan kawuna. Dattijon ya san da littafin, ya kuma yi tsaki da na ambace shi.

Ga wani abu da ya daɗe yana yi mini yawo a rai tun a wurin. Mutanen da suka ƙi sarautar Hausa da Fulani da baka da kibiya, ta ƙofar majami'a Hausa ta shige musu ɗaka. Kasuwa da ofishin Bature sun taimaka, amma mishan ce ta zaunar da ita. Maimakon su fassara littafi cikin kowane harshe na yankin, ga Tyap ga Jju ga Hyam ga sauransu, sai suka riƙe Hausa, musamman da aka kammala fassarar Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya a 1932. Da ita aka koyar da karatu, da ita aka yi baftisma da ɗaurin aure da jana'iza. Littafin da ke jakar dattijon na mahaifinsa ne. Bangon ya rabu, an ɗinke shi da zaren buhu, gefen shafukan ya yi baƙi don yatsa, a shafin farko kuma an jera sunayen 'ya'ya da shekarun haihuwarsu da tawada shuɗiya wadda ta koɗe. Ya ce jikokinsa yanzu Hausa da Turanci suke ji, yarensu sai gaisuwa. Bai ɗora wa kowa laifi ba, ya dai faɗa.

Da muka koma ƙarƙashin bishiya ya shiga na baki, nan ne muryarsa ta canja. Wasu tsofaffi biyu suka matso, da wata gyatuma daga cikin masu waƙa.

Kafin zuwan bishara, in ji su, dodo ne ke riƙe da gari. Yana da kurminsa da ɗakinsa, maza da aka shigar ne kaɗai suka san sirrinsa, mata da yara kuwa in suka ji muryarsa da dare sai su shige ɗaki su rufe. Shi ake dafa wa wake da giya, shi ke hukunta mace mai taurin kai. Masu bi na farko samari ne, yawancinsu yaran gidan Bature ko masu zuwa a wanke musu gyambo, kuma laifinsu a idon dattawa ba sabon addini ba ne kawai: tsoron da ake yi shi ne su tona wa mata cewa muryar nan ta mutum ce. An kori wasu daga gida, an hana su mata, an yi wa wasu duka. Wannan ɓangaren ba na shakkarsa, don haka aka yi a wurare da yawa a yankin.

Daga nan labari ya fara tashi sama. Akwai wani mai bishara na farko, ɗan ƙasa, wanda aka ce da za a yi rumfar addu'a ta farko aka hana shi itace ko'ina, sai ya ɗauki gatari da rana tsaka ya shiga kurmin dodo ya saro. Gari ya zuba ido a ga cikinsa ya kumbura ya mutu kafin wata ya ƙare. Wata ya ƙare, wani ya kama, mutum na nan yana noma. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya ce ɗaya daga azarorin na cikin rufin ƙaramin ginin nan har yanzu. Na tambayi wacce, sai suka shiga gardama. Sa'an nan aka ce an taɓa gayyatar mai bisharar nan gaisuwar mutuwa, aka miƙa masa kunu da sammu a ciki. Ya rufe ido ya yi addu'a kamar yadda ya saba, ƙwaryar ta tsage a hannunsa, kunun ya zube. A bakin gyatumar ba tsagewa ta yi ba, sha ya yi har ƙasa ya ce a ƙaro. Ita kuma tana da nata labarin da mazan ba su kawo ba: wata mata da ta ƙi dafa wa dodo, aka ce ba za ta sake haihuwa ba, ta haifi bakwai, uku suka zama fastoci. Ta ce, "Ɗana, maza sun sari itace, amma mu muka ɗauko dutsen ginin nan a ka daga gindin tsauni." Babu wanda ya musa mata.

Na tambayi sunan mai bisharar. Kowane ɗaya ya ba ni suna daban, kuma da na bi diddigi, kowa kakansa ko ɗan unguwarsu ya ambata. Wani ya ce ba ɗan Kagoro ba ne ma, daga Kwoi ya biyo Bature. Wannan bai rage wa labarin daraja a wurina ba. Labarin ƙoƙon guba da ya fashe da addu'a, Kiristocin Italiya na ba da irinsa a kan waliyyinsu Benedict tun fiye da shekara 1,400. Mu ma a Katsina haka muke da Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, tarihinsu kaɗan ne a rubuce, karamominsu kuwa kowane tsoho da irin nasa. Jama'a ba ta barin wanda ya fara abu ya zauna a matsayin mutum kawai.

Faston wurin matashi ne, ya yi digiri, ya zo ya same mu a tsakiyar hira. Ya saurara da ladabi, amma da muka keɓe ya ce mini in rubuta da kyau: ikilisiyarsu ba ta da waliyyai irin na Katolika, ba a roƙon matattu, ba a neman tabarraki a kabari, duk mai bi tsarkakakke ne a koyarwarsu. Gaskiyarsa ne ta fuskar aƙida. Katolika na nan a garin da majami'unsu masu sunayen waliyyai, Kafanchan ma ta samu nata bishop tun 1995, kuma bambancin a fili yake. Sai dai ni abin da na gani, hoton Gowans da abokansa na rataye inda ake rataye hoton manya, ana kai ziyara kabarinsa a Girku, ana kawo mutuwarsa a wa'azi a duk lokacin da ake son zaburar da matasa. Abin da ya dame ni daban ne. Baturen da ya yi shekara ɗaya ya mutu, an san ranar saukarsa da inda ya kwanta. Ɗan ƙasar da ya yi shekara 40 yana taka ƙaya daga ƙauye zuwa ƙauye, ko sunansa ba a daidaita a kai ba. Na tambayi littafin baftisma na farko, aka ce gara ta ci wani, wani kuma ya bi wani fasto da aka yi wa canji.

Daga majami'ar muka taka zuwa tsohon filin mishan, inda makarantar Littafi Mai Tsarki take. Tun farkon shekarun 1930 ake horar da masu bishara a nan da Hausa, yanzu ta zama babbar makarantar tauhidi mai ba da digiri. Manyan itatuwa sun yi wa wurin inuwa, tsofaffin gidajen Turawa masu faffaɗar baranda na nan, wasu an gyara, wasu sun tsufa. Ɗalibai magidanta ne da yawa, da matansu da 'ya'yansu, kowa da ɗan fegin masara ko rogo a bayan ɗaki, don kuɗin makaranta da na abinci ba sa haɗuwa a aljihu ɗaya. Ƙaramin wurin nan ya ga manyan abubuwa. Taron da wakilan ikilisiyoyin SIM suka yi a Kagoro a farkon 1954 na cikin tarurrukan da suka haifi ikilisiyar ECWA, wadda yau hedikwatarta ke Jos kuma mabiyanta miliyoyi ne. A nan kuma, farkon shekarun 1960, wani malamin makarantar, Gerald Swank, ya tayar da shirin Sabon Rai Don Kowa, wanda ya fitar da talakawan masu bi, ba fastoci kaɗai ba, zuwa wa'azi gida-gida. Ƙungiyoyin Sabon Rai da gangunansu har yau suna nan a majami'un arewa.

Ɗaliban da na zanta da su sunan da suka fi kawowa shi ne Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda aka haifa a 1936, ya zama babban sakataren ECWA, daga baya ya jagoranci ƙungiyar masu bishara ta Afirka daga Nairobi. Ya nutse a teku kusa da Mombasa a Disamba 1975 yana da shekara 39. Shi tarihinsa a rubuce yake, littattafansa na cikin laburare, amma duk da haka mutuwarsa ta fara tara nata labaran, kowa da yadda ya ji.

Maƙabartar da ke kusa ba ta da girma. Kaburburan siminti ne da gicciye, wasu da suna da aya, wasu rubutun ya goge. Na tsofaffin masu bi da yawa ba a nan suke ba, a cikin gidajensu aka binne su bisa al'ada.

Fadar sarki na unguwar Fada, kuma ba a gane tarihin majami'ar sai an biyo ta nan. Gwamna Awan, wanda aka haifa a 1915, yaron mishan ne, a hannun Archibald ya tashi, ya yi karatu ya zama malami. A 1945 aka naɗa shi sarkin Kagoro, Kirista na farko a kan kujerar, ya kuma riƙe ta shekara 63 har rasuwarsa a 2008. Daga ranar da ɗan majami'a ya zama sarki, kurmin dodo ya rasa mai tsaya masa. Makarantu suka yawaita, Kagoro ta yi suna da 'yan boko a lardin Zazzau. Amma bai yar da komai ba. Bikin Afan, wanda a da yake rufe kaka ya buɗe farauta, a zamaninsa ya zauna a ranar 1 ga Janairu, kuma ana yinsa har yau: a fara da addu'a, sa'an nan maharba su fito da baka da ƙaho, 'yan rawa su cika fili. Ranar, in ji masu masauki, ko tabarma ba ka samu a garin, mutane sai su kwana Kafanchan.

Washegari da sassafe wani saurayi ya raka ni dutsen, ladansa naira 3,000 bayan ciniki. Tsayinsa ya haura mita 1,200 daga teku, hanyar kuma ta ƙafa ce, a tsaye, wani wuri sai da hannu. Mu muna haki, mata na wuce mu da buhu a ka da yaro a baya, don akwai mutanen da ba su taɓa saukowa ba, suna zaune a can sama da gonakinsu da 'yar makaranta da 'yar majami'a. Mara lafiya a kafaɗa ake sauko da shi. Ya nuna mini bakin koguna inda aka ce ana ɓoye mata da yara da hatsi lokacin hari, ya ce akwai ƙudan zuma da ke tashi su far wa abokan gaba su bar 'yan gari. Ya ba ni labarin Katagwan, ƙaton mutumin da aka ce tsayinsa ya wuce misali, har sawunsa ya fito a jikin fa. Saurayin nan ɗan ƙungiyar mawaƙa ne a majami'a, da waya a hannu, amma yadda ya ba ni labarin Katagwan haka tsofaffin nan suka ba ni na mai bishara da ƙwaryar kunu, murya ɗaya, tabbaci ɗaya. Daga sama ana ganin garin gaba ɗaya, da layin dogo ya miƙe ya nufi Manchok, da rufin majami'u na walƙiya a rana. Na fara ƙirga su na bari.

Da muka sauko yunwa ta kai ni bakin kasuwa. A lokacin kwanon faten acca da ganye naira 800 ne, doya da miya ta fi haka kaɗan, ayaba da atili da gyaɗa kuwa arha suke in an gwada da Kano. Zuma ana sayar da ita a kwalba, mai sayarwa ta rantse daga dutse aka ɗebo. Citta ce ba a taɓawa: tun cutar da ta cinye gonakinta a kudancin Kaduna a 2023 iri ya yi wuya, manoma da yawa sun koma masara da kurkum. Musulmi baƙo ya tambaya kafin ya ci nama, don ana sayar da na alade a fili, ana kuma dama burkutu a wasu gidaje, ko da yake ikilisiyar da na ziyarta na hana 'ya'yanta sha. Masu abincin ba sa jin haushin tambayar, su da kansu za su nuna maka inda za ka. Lokacin da na je, ɗakin kwana mai fanka da bokitin ruwa ya kama daga naira 8,000 zuwa sama, wuta sai an tayar da janareta, shi ma zuwa tsakar dare.

Wanda ke son zuwa ya zo da rani, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, lokacin da dutsen ba ya santsi, ya fara gaida fada ko shugabannin majami'a kafin ya ɗaga kyamara, kuma kada ya bar dare ya same shi a hanya. Ga shugabannin ikilisiya da malaman makarantar tauhidi kuwa, roƙona ɗaya ne. Waɗanda suka ga Archibald da idonsu, suka ji labarin masu bi na farko daga bakin masu shi, saura 'yan kaɗan, dukansu sun haura 80. Kowane ɗalibi yana da waya mai ɗaukar murya. A tura su gida-gida su ɗauko, da Hausa da yaren Kagoro, har da na matan, tun kafin a rasa wanda za a tambaya.